Nazarin lamari: yaron da ƙafafunsa suka riƙa mutuwa suna farfaɗowa

Yaron da gidansu

Yaro ne ɗan shekara 6, na huɗu a wurin mahaifiyarsa, daga wani ƙauye mai tafiyar kusan awa uku a mota zuwa babban birnin jiharsu a arewacin Najeriya. Uban manomi ne, yana ɗan taɓa kiwo. A gida aka haifi yaron, ungozoma ta karɓi haihuwar, ba wata tangarɗa. Ya zauna, ya yi rarrafe, ya taka a lokacin da sa'o'insa suka taka. An yi masa rigakafin yara, tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka yana nan a damtsensa na hagu, ɗigon shan inna kuwa ya sha ba adadi. Ba shi da sikila. Babu mai tsohon tari a gidan.

Abu ɗaya uwar ta tuna, shi ma sai daga baya da aka matsa mata da tambaya: tun yana goye kansa yakan ɗan karkata dama, kuma wuyansa gajere ne. Kakarsa ta ce wuyan kakansa ya ɗauko, magana ta mutu a nan. A fatar bayansa babu tabo, babu tsiron gashi, babu ɗan rami, irin alamomin da kan sa likita ya yi zargin wani abu na ɓoye a ƙashin bayan jariri.

Wata na 1 zuwa na 3: ciwon wuya, sai sanƙarau

Cikin hunturu abin ya fara. Yaron ya riƙa kukan ciwo a ƙasan wuya da tsakanin kafaɗu, ya fi tsanani da dare, kuma in ya yi tari ko atishawa sai ya ƙwalla ƙara. Jikinsa ya ɗan yi zafi. Aka karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol a kyamis. Cikin kwana biyar ya koma wasa.

Da bazara ta fara shigowa sai ciwon ya dawo, wannan karon da zazzaɓi mai ƙarfi da amai, wuya ya sanƙare. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da ake tsoro in zafi ya kama kuma wuyan yaro ya ƙi lanƙwasuwa, don haka ba a ɓata lokaci ba, aka kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma. Aka ɗebi ruwan bayansa. Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun ɗan yi yawa a ruwan, amma ba a ga ƙwayar cuta ba, kuma da aka shuka ruwan a ɗakin gwaji ba abin da ya tsiro. Aka yi masa allurar sanƙarau ta kwana 10. Ya warke sarai, aka sallame su.

Wata na 4: silifas

Uwar ce ta fara lura. Yaron yana tafiya sai silifas ɗin ƙafarsa ta hagu ya fice, ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Sai tuntuɓe a fili inda babu dutse. Sai jan ƙafa. Cikin kwana 10 ya kasa tsayuwa sai an riƙe shi.

Ma'aikacin lafiya na mazaɓarsu ya yi abin da aka horar da shi a kai. Ko da yake tun watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, har gobe ana bibiyar duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta mutu farat ɗaya. Ya cike takarda, aka ɗauki bayan gidan yaron sau biyu da tazarar kwana ɗaya, aka aika. Sakamakon da ya dawo bayan makonni ya nuna babu ƙwayar. A takardar an rubuta cewa ƙafafun sun saki. Babu inda aka nuna an buga masa guduma a gwiwa, ko an gwada ko yana jin taɓi.

Kafin sakamakon ya iso, gida ya yi nasa. Wanzami ya yi masa ƙaho a tsakanin kafaɗu, aka karɓo rubutu da tofi wurin malamin garin, kaka ta yi ta turare don zargin ya taka wani abu a bakin rafi. Cikin mako biyu ƙafafun suka fara motsi, a mako na uku ya taka da kansa. Aka yi sadaka.

Wata na 6: hoton ƙashi da maganin tarin fuka

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ƙafafun suka sake nauyi. Aka koma asibitin ƙaramar hukuma, wannan karon aka ɗauki hoton wuya da ƙirji. Huhu fes. Amma gaɓar farko ta ƙashin bayan ƙirji, wadda ke daidai ƙasan wuya, ta fito kamar an tsaga ta biyu, kuma bayan ya ɗan karkace a wurin. Likitan da ya duba ya rubuta tarin fuka na ƙashin baya, ciwon da wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana a 1779, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiransa.

Sauran gwaje-gwajen ba su goyi bayan wannan ba, ba su kuma ƙaryata shi ƙiri-ƙiri ba. Gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki ya fito daidai. Na'urar GeneXpert, mai gwajin tarin fuka, ba ta ga ƙwayar tarin ba, sai dai an san a jikin yara sau da yawa ba ta gani ko da ciwon yana nan. Yaron bai rame ba, ba ya gumin dare. Aka yi wa uban maganar hoton MRI a birni, hoton da ke nuna har naman cikin jiki ba ƙashi kaɗai ba, ya tambayi kuɗin, ya yi shiru. Maganin tarin fuka kuwa kyauta ne. Aka ɗora yaron a kan tsarin da ake bi in tarin ya kama ƙashi: magani huɗu na wata 2, sannan biyu na wata 10. Aka gargaɗi uwar cewa fitsarinsa zai koma ja-ja kamar an diga manja, kada ta tsorata.

Cikin mako uku yaron ya sake miƙewa. Uban bai taɓa fashin karɓar magani ba, katinsa ya nuna haka.

Wata na 9: fitsari ya tsaya

Yana cikin wata na uku da shan magani, ba fashi, ƙafafun suka mutu karo na uku, kuma wannan ya fi na baya muni. Cikin kwana shida ya kasa ko juyawa a tabarma. Yatsun hannun hagu suka kasa riƙe cokali. Sai fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura har kusa da cibiya. Aka sa masa robar fitsari, aka rubuta takardar turawa asibitin koyarwa.

Kwana 11 suka shuɗe kafin su iso. Ƙarshen damina ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba. Sai da aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu.

A asibitin koyarwa

Likitoci suna auna ƙarfin gaɓa daga 0 zuwa 5: 0 babu ko motsi, 3 gaɓa na iya ɗaga kanta sama, 5 cikakken ƙarfi. Ƙafar hagu ta samu 1, ta dama 2. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yanayin ƙafafun. A sandare suke, in ka lanƙwasa gwiwa sai ka ji tana turjiya. Da aka buga guduma a ƙasan gwiwa ƙafar ta zabura fiye da kima. Da aka ja tsinke a tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa. Daga kan nono zuwa ƙasa ba ya bambance tsini da taɓi. Shan inna ba ya yin haka: shi ƙafa yake saki ta zama laɓo-laɓo, kuma ba ya hana jin taɓi. Waɗannan alamomin na wanda wani abu ya danne wa laka ne daga sama, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya.

Washegari aka yi MRI, bayan an ba shi maganin barci, don ba yaron da zai kwanta tsit na minti 40 a cikin rugugin na'urar. Hoton ya nuna jaka mai ruwa, tsawonta santimita 3.4, ta taso daga gaɓar wuya ta 7 zuwa gaɓar ƙirji ta 2. Tana cikin tantanin da ya lulluɓe laka amma a wajen lakar, ta gabanta, ta tura ta baya ta matse ta har ta zama kamar zare. Babu ruwan mugunya a gefen ƙashi. Faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi lafiya lau, alhali shi tarin fuka yakan cinye tare da bakin gaɓoɓin biyu da ke maƙwabtaka da shi. Gaɓar nan da aka ce tarin ya ci, bakinta sumul yake, tsagin tsakiyarta a tsare, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Haka aka halicce ta.

Sunan wannan jaka a likitance niyurenterik, kalmar da ta haɗa jijiya da hanji, kuma sunan ya faɗi asalinta. A mako na 3 da shigar ciki, lokacin da mace ma ba ta tabbatar tana da juna biyu ba, ɗan tayi shimfiɗa uku ne kawai. Ta sama ita za ta zama fata da ƙwaƙwalwa da laka, ta ƙasa ta zama cikin hanji da hanyar numfashi. A tsakaninsu wata 'yar sanda ke fitowa wadda ƙashin baya zai ginu a kewayenta. Ya kamata sandar ta rabu da shimfiɗar ƙasa tsaf. In ba ta rabu ba, sai ɗan guntun abin da zai zama hanji ya maƙale a kusa da laka, ƙashin da ke ginuwa a wurin kuma ya tsage ko ya fito rabi. Guntun nan bai san ba a hanji yake ba. Aikinsa fitar da yauƙi, shi yake ta yi shekara da shekaru a cikin rufaffiyar jaka.

Ciwo ne da likita kan yi shekaru bai gani ba. Wasu likitoci, Kubie da Fulton, suka fara bayyana shi a 1928, Puusepp na ƙasar Estoniya ya sake kawo shi a 1934, Holcomb da Matson suka raɗa masa sunan da ake amfani da shi yanzu a 1954. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kashi 0.7 zuwa 1.3 cikin 100 na duk ƙarin da ke fitowa a laka da kewayenta. Ya fi samun maza, ya fi zama a wuya da ƙirji, kuma kusan rabin masu shi suna da gaɓar ƙashi mai irin wannan nakasa. Akwai wasu jakunkunan haihuwa da ke danne laka, kamar wadda ke cike da ruwan laka zalla da wadda ke ƙunshe da maiƙo da gashi, amma zaman jaka ta gaban laka tare da tsagaggiyar gaɓa a daidai wurin ya fi nuna wannan.

Babban likitan tiyatar ya zaunar da uban ya zana masa abin a takarda. Uban ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Likita, to maganin nan da muke ta karɓowa fa?" Aka ce masa: "Malam, a dakatar da shi daga yau."

Wata na 10: aiki na farko

Ta baya aka shiga. Aka ɗage murfin gaɓoɓi uku, aka buɗe tantanin. Wahalar a bayyane take: jakar tana gaba, likita yana baya, laka tana tsakani, kuma laka ba a ja ta gefe yadda ake jan hanji. Aka yanke 'yan zaren da ke ɗaure ta a gefe don ta ɗan mirgina, aka soka allura a jakar. Ruwan da ya fito fari-fari ne mai kauri, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Da jakar ta saɓe aka riƙa ɓare bangonta a hankali. Yawancinsa ya fito. Wani yanki da bai kai faɗin farce ba ya manne a tsagin gaban laka, inda babbar jijiyar jinin da ke ciyar da lakar ke bi. Likitan ya bar shi. Aka mayar da murfin ƙashin aka ɗaure, domin in an cire shi gaba ɗaya a jikin yaro mai girma, wuya kan ranƙwafa daga baya.

Ɗakin gwaji ya tabbatar: bangon jakar shimfiɗe yake da dogayen ƙwayoyin halitta masu fitar da majina, irin na cikin hanji.

A kwana na 3 babban yatsan ƙafar dama ya motsa. A mako na 3 aka cire robar fitsari. Masu gashin ƙashi suka karɓe shi, suka koya wa uwar yadda za ta riƙa miƙe masa ƙafafu safe da yamma da juya shi don kada baya ya yi gyambo. A mako na 6 ya taka yana dafa bango. Aka sallame su da takardar dawowa a sake MRI bayan wata 3.

Ba su dawo ba. Kuɗin amfanin gona ya tafi biyan bashin jinya, yaro kuma yana gudu a tsakar gida.

Wata na 18: silifas kuma

Wata 8 bayan aikin, silifas ɗin hagu ya sake ficewa. Uwar ba ta jira ko tuntuɓe na biyu ba, kuma ba ta yarda a tsaya ko'ina a hanya ba. Kwana 4 suka iso. Ƙarfin ƙafar hagu 4, ta dama 5, fitsari lafiya. MRI ya nuna jakar ta sake cika a gurbinta, tsawonta santimita 2.

Aiki na biyu ya fi na farko tsawo saboda tabon da ya manne ko'ina. Wannan karon aka faɗaɗa hanya ta gefen hagu, aka ɗan rage ƙashi don a hango gaban laka a karkace ba tare da an taɓa ta ba, aka yi aikin duka a ƙarƙashin madubin tiyata mai ƙara girman abu. Ruwan da ya sake taruwa ya ɗan ɗaga guntun bangon daga jikin lakar, sai ya ɓaru gaba ɗaya. A kwana na 5 ruwan laka ya fara tsatsowa daga ɗinkin. Aka ƙara ɗinki, aka kwantar da shi a miƙe kwana biyar, ya tsaya. Ƙafar hagu ta ɗan ja baya zuwa 3 bayan aikin, ta dawo 4 cikin wata biyu. MRI na wata 3, wanda suka zo wannan karon, bai nuna komai ba sai lakar da ta ɗan sirance a wurin.

Hukunci

Jakar nan tana cika tana saɓewa. Bangonta yana zuba yauƙi, wani lokaci jiki ya tsotse wani sashe, wani lokaci ta ɗan yoyo cikin ruwan laka. In ta cika sai ta danne laka ƙafafu su mutu, in ta saɓe su farfaɗo. In ta yoyo sai tantanin ya fusata, a samu zazzaɓi da sanƙararren wuya ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma mafi kusa shi ne abin da ya faru a wata na 3 ke nan. Wannan hali nata shi ya ɓatar da kowa. Duk abin da aka yi wa yaron a lokacin da ta kusa saɓewa shi ya kwashi yabo: allurar sanƙarau, ƙaho da rubutu, sannan maganin tarin fuka. A ganina na ƙarshen ya fi cutarwa, domin sauƙin da ya biyo bayansa ya zo da hatimin asibiti, ya rufe bakin tambaya har wata uku.

Ba na ganin laifin wanda ya fara zargin tarin fuka. A ƙasarmu, yaro mai mutuwar ƙafafu da lalatacciyar gaɓar baya, tarin fuka ne farkon abin da za a kawo, kuma wanda ya yi caca a kansa yawanci zai ci. Allurar sanƙarau ma daidai ce, ba a jiran tabbaci da wuyan yaro a sanƙare. Inda aka yi sake wuri biyu ne, kuma duka ba sa buƙatar kuɗi. Na farko gudumar gwiwa da tsinke a wata na 4, da sun nuna tun lokacin cewa daga sama ake danne laka. Na biyu hoton wata na 6: amsar tana jikinsa, gaɓa mai sumul ɗin baki da lafiyayyen faifai, ga yaro bai rame ba, ga jini daidai. Da an faɗa wa uban cewa hoton bai yi kama da tarin fuka sosai ba kuma MRI ne kaɗai zai raba gardama, mai yiwuwa da ya sayar da san a watan da yaron ke iya riƙe cokali. Mutumin da ya yi wata uku bai fasa karɓar magani ko sau ɗaya ba, ba sakaci ne ya hana shi zuwa birni ba. An ba shi zaɓi tsakanin abu mai tsada da na kyauta kamar duk ɗaya ne.

Barin guntun bango a aiki na farko shawara ce da zan kare. An san jakar kan dawo in an bar bango, an kuma san zuƙe ruwan kawai ba ya magani, amma taɓa jijiyar jinin gaban laka na iya kashe ƙafafu har abada, shi kuwa guntun ana iya komawa kansa. Sai dai wannan shawara tana tafiya ne da sharaɗin bibiya, kuma nan ne asibitin koyarwa ya gaza. Da aka tambayi uban daga baya abin da aka gaya masa ranar sallama, ya ce an ce an cire. Gaskiya ne an faɗi haka. Maganar saura kuwa an rubuta ta da Turanci a fayil, ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa da Hausa akwai iri a ciki kuma zai iya tsirowa. Abin da ya ceci ƙafafun karo na biyu idon uwar ne, da ta riga ta san ma'anar silifas.

Raunin da ya rage a hannu da ƙafar hagu kusan tabbas daga dannewar wata na 9 ne, musamman makonnin da laka ta yi a matse bayan fitsari ya tsaya. Shekara 2 bayan aiki na biyu yaron yana aji uku, yana zuwa makaranta da ƙafarsa. Yana ɗan jan ƙafar hagu in ya gaji, tsokar tsakanin babban yatsa da manuni a hannun hagu ta ɗan lotsa, wani lokaci yakan yi fitsarin kwance. Ana ɗaukar hoton wuyansa don duba ranƙwafawa, ya zuwa yanzu bai ƙaru ba. Da yake jakar kan iya dawowa ko bayan shekaru, an sa masa MRI sau ɗaya a shekara, kuma bisa roƙon uban an mayar da ranar zuwa bayan an cire amfanin gona.